Ampili a Buhun Garin Rogo

Maigidana ɗan kasuwa ne, atamfa yake sari a Kasuwar Kilomita Biyar, kuma ba a taɓa jin ya yi jinkiri a ciniki ba. Amma a gida, akwatuna biyu sun gagare shi yanke hukunci shekara da shekaru. Ampili ake ce musu, su ke ƙara wa garmaho murya. Ɗaya tsoho ne mai kwalabe a ciki, waɗanda sai sun yi ja sun ɗau ɗumi kafin ya yi magana. Ɗayan sabo ne, taransista, ƙanensa ya kawo masa daga Duwala, da ka taɓa shi ya amsa.

Kullum bayan la'asar sai ya ɗora faifai, ya jona wannan, ya cire ya jona wancan, ya kira ni daga madafa.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, wanne ya fi?"

Ni kuwa duk kanwar ja ce a kunnena. In na ce sabon, ya ce ban saurara ba. In na ce tsohon, ya ce don in koma wajen miyata na faɗa. Gaskiyarsa ce kuma.

Da sojoji suka yi bore, aka rufe kasuwa, aka shiga bin gidaje ana kwasar kaya. Unguwarmu ta koyi dabara nan da nan: ka ajiye wani abu mai ƙyalli a falo, inda ido zai fara sauka, su ɗauka su tafi da farin ciki, kada su kai ga bincike ɗakuna. Rabon baƙi muke kiransa. Maƙwabta wasu suka ajiye fanka, wasu agogon bango. Mu kuwa muna da ampili biyu, dole ɗaya ya zauna a tebur.

Abin da zaman lafiya ya kasa, tsoro ya yi shi kafin in gama wanke shinkafa. Alhaji ya naɗe mai kwalaben da sabon zanena, ya tura cikin buhun garin rogo, ya goge taransistan ya ɗora a tebur. Ashe ya daɗe da sanin wanda yake so, wahalar da ni kawai yake yi. Haushi ya kama ni, tausayinsa ma ya kama ni, ina kallo yana ɗaure bakin buhun.

Da hantsi sojoji suka shigo, su uku. Biyu suka nufi tebur. Na ukun, mai ɗan furfura, ya tsaya yana kallon faya-fayan, ya gaida mu da Sango, yaren garin, kamar wanda ya zo barka.

"Bara ala, Baba. Wannan ba shi ba ne. Ina mai lam ɗin?"

Mai kwalaben yake nufi, amma Alhaji ya ce shi bai san wani mai lam ba.

"Haba Baba. Ni ɗan unguwar Miskine ne, ta bayan katangarka nake bi in na taso aiki. In ka sa wannan, sauti a bushe yake, wucewa nake. In ka sa ɗayan, nakan tsaya a gindin mangwaro har faifan ya ƙare. Muryar mawaƙin takan fito da ɗumi, kamar yana cikin ɗakin."

Na kalli Alhaji. Fuskarsa ta washe irin yadda ban gani ba tun ranar sunan ɗanmu na fari.

"Hajiya, kin ji ko? Ta bayan katanga ma ya ji bambancin!"

Ina ƙifta masa ido, ina gyaran murya, a banza. Da ƙafarsa ya shiga madafa, ya kwance buhun, ya fito fari fat da gari har gemu. Ya hure ƙurar, ya nuna wa sojan yadda ake bari kwalaben su yi ɗumi tukuna, ya gargaɗe shi kada ya girgiza shi a mota. Sojan ya ce singila, wato godiya, ya rungume akwatin, ya hana yaransa taɓa na tebur. Zanena ma da shi aka tafi.

Da la'asar Alhaji ya jona taransistan, ya ɗora faifai. Bai kai rabi ba ya ɗaga allurar. Na jira ya kira ni, bai kira ba. Sai na bar miyar a wuta na zo na zauna kusa da shi, na ce ya mayar da allurar, ni ma yau na ji a bushe yake.