Gwadabe Tela, Taubashina

Gwadabe ɗan goggona ne, wato taubashina, kuma duk Kiyawa ba a yi tela mai baki irin nasa ba. Gajere ne, baƙi, mai wushirya, kullum da allura soke a gefen hularsa. Yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi Jahun koyon ɗinki, ya dawo da tsohon keken ɗinki na ƙafa, ya kama shago a bakin kasuwa. Kayan mata ya fi iyawa. Ya kalli mace sau ɗaya ya ishe shi, riga za ta zauna mata daram ba tare da awo ba. Shi ya sa magidanta suka saki jiki da shi.

Ni da shi ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. Ina taubasai ina "ina kwana"? Da ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Ga baiwata Safiyatu, mai tafiyar agwagwa!" Ni kuma in ce, "Tafi can, guntun tabarya." Haka muka tashi, iyaye na dariya.

A 1992 aka kai ni Dutse gidan mijina Baban Zulfa, ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai sanyi. Gwadabe ma ya auri Mahbuba. Amma duk ranar kasuwa sai in nemi izinin zuwa gaida goggo, in gaishe ta a tsaitsaye, in zarce shago. In zauna a kan benci, shi yana taka keke, muna shan fura muna tsiya, wani lokaci har la'asar. Ƙofa a buɗe take, sai dai sau da yawa mu biyu ne kawai. Wallahi ko yatsana bai taɓa taɓawa ba. Da na yi ɓari sau biyu a jere, a bencin nan na yi kukan da na kasa yi a gidana. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in share hanci kada in ɓata wa mutane atamfa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wa'azi ya yi yawa a kan keɓewar namiji da mace. Wata rana Baban Zulfa ya dawo daga masallacin Juma'a, ya ƙi taɓa abinci. Ya ce, "Safiyatu, an ce a shagon Gwadabe kike wuni. Taubashi fa ba muharrami ba ne, da aure tsakaninku. Me ke kai ki?"

Gaskiya ya faɗa, kuma bai yi mini tsawa ba. Da na ce ɗan'uwana ne, hira muke, in ba ka so na bari, da magana ta mutu a nan. Amma na ga kamar aurena ne ke shirin tashi. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni ɗinki nake kaiwa. Shi ke tsare ni, ya ƙi ba ni kayan sai na zauna. Na gaji da shi, kunyar goggo ce ta hana ni faɗa."

Kai, ƙarya ba ta da kyau. Washegari Baban Zulfa ya hau babur sai Kiyawa. A ƙofar shago, a gaban jama'a, ya ce wa Gwadabe ya daina tsare matan mutane, ya maimaita masa abin da na faɗa. Aka ce Gwadabe ya tsayar da keke, ya ce, "Ita ta faɗa? To, a yi haƙuri." Kalma ɗaya da zai yi, da asirina ya tonu, amma bai yi ba.

Telan mata ba shi da jarin da ya wuce amana. Kafin sallah ta zagayo, magidanta sun aika an kwashe atamfofin matansu. Mahbuba ta yi yaji wata biyu. Ya koma facin buhunan hatsi, daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma Aujara, yana noma yana 'yan ɗinke-ɗinken yara. Ni kuwa ina Dutse, ana yabona mace mai kamun kai.

Shekara huɗu ban sa shi a ido ba, sai a sunan jikan goggo. Na same shi a ƙofar gida, ya rame, furfura ta fito masa. Na yi ƙarfin hali na ce, "A'a, wa ya sako wannan tsohon a rana?" So nake ya rama, ya zage ni tas a gaban kowa, ko na sami sauƙi.

Gwadabe ya cire takalmi, ya rusuna har ƙasa, idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Ya ce, "Hajiya, barka da zuwa. Ina maigidan? Allah ya ƙara rufa asiri." Ya miƙe ya ba ni hanya, na wuce ciki.