Ƙasar Bangon Ɗakina

Wata huɗu bayan na haihu, ƙafafuna suka kumbura, in na kwanta numfashi ya gagara. A babban asibiti a Sakkwato aka ce zuciyata ce ta yi rauni. Aka ba ni ƙwayoyi, kumburin ya saɓe, muka koma Danchadi. Mijina ya tafi Kudu da lodin albasa, ya bar ni da uwarsa, Inna.

Kumburi ya tafi, gajiya ta zauna. Daga ɗaki zuwa rijiya sai na huta sau biyu. In na ce ba ni iyawa, Inna sai ta ja fatar idona ƙasa da yatsa ta leƙa.

"Wagga ɗiya lahiya lau take. Ga jini nan ja wur. Son jiki ne."

Matan da ke shigowa duba ni ma haka, kowace ta leƙa idona ta ba Inna gaskiya. Na daina faɗa. Ba ni da haƙurin maimaita magana.

Abin da ban gaya wa kowa ba, ƙasa nake ci. Bayan gadona akwai inda siminti ya ɓare, nan nake ƙwaƙular jar ƙasa da cokali in an tafi fadama, daga ni sai jaririya. Ina ci ina jin kunyar kaina. Na ɗauka taɓin hankali ne ya fara.

Ranar komawa asibiti ni kaɗai na shiga mota daga Bodinga, da goyo. Likitar, wata doguwar mace, ta duba takardar gwajin jinina, ta ce, "Kina cin ƙasa ko ƙanƙara?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

"Takardar nan."

Ta ce jinin da ke yawo a jikina bai yi ƙasa sosai ba, shi ya sa ido bai nuna ba. Amma akwai sinadarin ƙarfe da jiki ke ajiyewa, kamar hatsi a rumbu, nawa ya kusa ƙarewa. Zuciya mai rauni kuwa tana buƙatarsa, ƙwayar sha kuma ba ta cika shiga jikin irinmu ba. Aka ɗaura mini sinadarin ta jijiya, ruwa mai kalar shayin da ba madara. Kowane gado da mai jinya a gefe. Ni wata tsohuwa da ke jiran ɗanta ce ta riƙe mini yarinya.

Na kawo takardar gida na karanta wa Inna, na fassara mata layi-layi. Ta saurara tana ɓare gyaɗa, ta ce Allah shi ƙara sauƙi.

Bayan 'yan makonni na ɗebo ruwa ban tsaya a hanya ba. Ina sauke bokiti na ji Inna tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga, "Ai faɗan da nike mata ne ya yi amfani."

Na juye ruwan a randa, na koma na ɗebo wani.