Tukunyar Don Nemesio

Don Nemesio Covarrubias mai aski ne a garin Amatitán, kuma da a ce baki yana yanke gashi, da bai taɓa sayen almakashi ba. Ubansa saran agabe yake yi, tsiron da ake yin giyar tekila da shi, a gonakin masu tekilar, kakansa ma haka ya mutu yana yi. Shi kuwa Nemesio sati uku ya yi a gona yana ɗan shekara sha biyar, ya ga rana ba ta san ɗan kowa ba, ƙarfen saran kuma ya kusa kai shi nauyi, sai ya gano yana da ciwon baya. Ciwon nan ya bi shi har tsufa, amma ba ya tashi sai an ambaci aiki. Ya koyi aski, ya sami shago mai kujera ɗaya a bayan kasuwa, ya shekara arba'in yana aske kawunan mutane yana cika musu kunne.

Askin nasa ba yabo ba fallasa. Abin da ya yi masa suna a garin shi ne ponche, abin sha na dafaffun 'ya'yan itace. Duk ranar biyu ga Nuwamba, ranar matattu, in an dawo daga maƙabarta da la'asar, dangi da maƙwabta gidansa suke nufa a sha ponche mai zafi, sanyin kaka ya fara shigowa, kowa ya riƙe kofin ƙasa da hannu biyu. Har daga Guadalajara ake zuwa. Ponchen Don Nemesio ake ce masa, kuma shi da bakinsa ya raɗa sunan.

Ga yadda ake yin ponchen Don Nemesio. Matarsa Hermelinda ta tashi tun da sassafe, ta fere rake ta tsaga, ta jiƙa tsamiya, ta ɓare 'ya'yan tejocote, masu kama da ƙananan tuffa, masu taurin kai, ɗaya bayan ɗaya, ta yanka gwaiba da tuffa, ta fasa mazarƙwaila, ta tsaya kan tukunya wuni guda tana ɗanɗanawa tana ƙara wannan tana rage wancan. In ƙarfe huɗu ta yi, sai Don Nemesio ya fito cikin farar riga da gashin baki a murɗe, ya sa a kai masa tukunyar tsakar gida saboda bayansa, ya buɗe kwalbar tekila, ya sansana ta ido a rufe, ya ɗaga ta sama ya tsiyaya. Wannan zubin shi ake kira piquete, wato harbi, irin na kunama. Minti ɗaya ne aikin, in ka cire jawabi.

"Kowa yana iya dafa gwaiba," in ji shi kowace shekara. "Sirrin a wuyan hannu yake."

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Hermelinda ba ta taɓa cewa uffan ba. Tana zaune a bakin ƙofar kicin da kofinta, tana kallonsa kamar mai kallon ɗanta yana rawa a makaranta. Shekara talatin da huɗu ana haka, har shi kansa ya manta akwai wani abu da ke faruwa da tukunyar kafin ƙarfe huɗu.

A watan Maris Hermelinda ta rasu, kwana tara kacal ta yi a kwance. Don Nemesio ya yi kuka na gaskiya, wannan kam ba za a ci haƙƙinsa ba. Wata guda shagon yana buɗe ba a jin muryarsa, mutane suka riƙa fitowa da aski mai kyau suna mamaki. Sannu a hankali bakin ya dawo. Da Oktoba ta raba, amininsa Don Crispín, tsohon direban motar rake, yana zaune a kujera da kumfa a haɓa, ya ce, "Abokina, bana sai haƙuri ke nan. Babu ponche."

Reza ta tsaya. "Saboda me?"

"To, ai na ga Doña Hermelinda, Allah ya ji ƙanta…"

"Hannuna aka binne ko hannunta? Ka gaya wa kowa, ƙarfe huɗu kamar kullum. Bana ma sai ya fi na bara, don domin ta zan yi."

Mutum uku ne ke jiran layi a benci, kafin azahar gari ya ɗauka. Baki shi ke yanka wuya. Da ya koma gida ya shiga kicin, wurin da bai sani ba sai ta ƙofa, ya bincike kowace durowa ko ta bar rubutu. Ya sami katin asibiti da hoton bikinsu da tarin robobin ɗaure leda. Hermelinda ba ta rubuta komai ba, don ba ta taɓa mantawa ba.

Sau biyu Allah ya kawo masa mafita har ƙofa, sau biyu ya kore ta. Ta farko a kasuwa ce. Doña Chayo mai kayan marmari tana ganinsa da kwando ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Don Nemesio. In haɗa maka irin wanda marigayiya take ɗauka? Na san ma'auninta a ka."

Da ya ce to, da an wuce wurin. Amma akwai mata biyu a gefe suna zaɓen tumatir da kunnuwa a miƙe.

"Ai ni nake rubuta mata abin da za ta sayo," ya ce. Ya riƙa nuna kaya da yatsa kamar mai duba sojoji. Gwaiba ɗanya shar, don ta fi kyan gani. Rake sanda ɗaya. Mazarƙwaila guda biyu, alhali Hermelinda takwas take ɗauka. Kirfa ya tuna da ita, kanumfari bai tuna ba, tsamiya da zoɓo kuwa bai ma san suna shiga ba. Doña Chayo ta zuba masa a kwando ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai shiga tiyata.

Ta biyu ƙanwar matarsa ce, Refugio, wadda kowa ke kira Cuca. Gwauruwa ce mai sayar da tamale, wani irin alalen masara, doguwa, ba ta da tsoron kowa, kuma tun ranar ɗaurin auren yayarta suke tsokanar juna da Nemesio, wasan da rabinsa ba wasa ba ne. Ta zo ranar ɗaya ga wata da furanni rawaya na teburin matattu, ta jera hoton Hermelinda da kyandir da burodi da gishiri, sannan ta leƙa kicin ta ga kwandon.

"Mijin yaya, wannan na aku ne ko na mutane?"

"Cuca, ki kula da furanninki."

"Ka bari in tsaya maka a kan tukunyar. Ba wanda zai ji. Ƙarfe huɗu ka fito da farar rigarka ka yi abin da ka saba."

Ya ji maganar ta shige shi, musamman "abin da ka saba". Ya so ya ce to, har bakinsa ya buɗe. Girman kai rawanin tsiya. "Tukunyata ba ta son hannu biyu," ya ce.

"Haka ne," in ji Cuca. "Hannu ɗaya ta sani." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ya cika tukunyar da ruwa har wuya, don mutum arba'in ake sa rai. Ya watsa tejocote da ɓawonsu, ya jefa gwaiba da rake a dunƙule. Da ya tuna cewa sirrin a wuyan hannu yake, sai ya ga babu dalilin jiran ƙarfe huɗu na gobe, gara sirrin ya shiga tun da wuri ya ratsa ko'ina. Ya juye kwalba guda cur a ruwan sanyi, ya hura wuta, ya bar ta tana tafasa awa uku. Duk yaron Amatitán ya san tekila ba ta zama a tukunya mai tafasa, tururi take bi ta gudu. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana yi wa gari lacca a kanta ne kaɗai bai sani ba.

Ya ɗiba a ludayi ya kurɓa. Ruwan zafi ne wanda gwaiba ta taɓa wucewa ta kusa da shi. Ya ƙara kurɓa ko harshensa ne, ba harshensa ba ne. Ya zauna a kan kujerar Hermelinda ta bakin ƙofa, ya ga gobe ƙarara: Crispín, da Doña Chayo, da 'yarsa Maribel da mijinta daga Guadalajara, da Cuca. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar da likita ya kira shi gefe.

Daga inda yake zaune yana hango teburin matattu, a nan dabara ta faɗo masa. Kowa ya san matattu in sun zo ziyara a daren nan ba sa cin abin da aka ajiye musu, ƙamshi da ɗanɗano suke kwashewa. Shi ya sa burodin teburin washegari yake zama lami a baki, lemo ya zama ruwa. Kofi ɗaya ake ajiye wa mamaci. Don Nemesio ya tashi, ya rungumi tukunya mai cin ruwan mutum arba'in, ya kai ta gaban hoton matarsa shi kaɗai, bayan nasa bai ce komai ba.

Washegari da la'asar tsakar gida ya cika. An dawo daga maƙabarta takalma duk ƙasa, an share kaburbura an yi addu'a an ci tamale a kan duwatsu, yanzu kowa abin zafi yake jira. Don Nemesio ya fito da farar riga, ya sa surukinsa ya ɗauko tukunyar da aka ɗumama daga gaban teburin, a kan idon kowa. Aka rarraba kofuna.

"Yau babu harbi ne?" in ji Crispín.

"Tun jiya yana ciki. Sabon salo ne."

Aka kurɓa. Maribel ta kalli cikin kofinta. Mijinta ya ciro ɓawon tejocote daga haƙori ya rasa inda zai ajiye. Doña Chayo ta ce, "Da zafinsa kuwa."

Sai Don Nemesio ya kurɓi nasa, ya tsaya cak, ya kalli kofin, ya kalli hoton da ke cikin ɗaki, ya dafe ƙirji. Ya kwana yana gwada wannan a madubi.

"Ta zo," ya ce a hankali. "Jama'a, Hermelinda ta zo. Jiya da na sauke tukunyar nan ƙamshinta har titi. Na ce shekararta ta farko ce, kofi ɗaya ya yi mata kaɗan, na ajiye mata duka. Ku ji yadda ta kwashe shi tas. Ko ɗigo ba ta bar mana ba, baiwar Allah. Dama tana son ponchena."

Gidan ya numfasa. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye, Crispín ya ce lallai Doña Hermelinda ta yi kewar gida, aka yi dariya mai taushi. Ba wanda ya yarda, amma ƙarya ce mai kyau, ta ba kowa wurin ɓuya, kuma mutanen Amatitán ba sa tona asirin mai takaba a gidansa. Maribel har da share hawaye. Don Nemesio ya ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, kuma da ya yi shiru a nan da ya tsira. Amma yaushe ya taɓa yin shiru a inda ya kamata?

"Harbin ne ya ja ta," ya ƙara, yana murɗa gashin baki. "Kwalba guda na zuba mata. Kullum takan ce mini, Nemesio, ba don hannunka ba, wannan ai ruwan gwaiba ne."

Cuca ta ajiye kofinta a kan dakali. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mijin yaya, ka ce tun jiya tekilar tana ciki?"

"Tun kafin ya tafasa."

"To ba Yaya ce ta sha ba, sai dai ka nemi wani mamacin. Yaya ba ta shan mai harbi. Tun tana budurwa ƙamshinsa ke tayar mata da zuciya. Kowace shekara sai ta ɗebi kofinta a kicin kafin a fito maka da tukunyar."

Ya yi dariya, ya juya wajen 'yarsa don ta ƙaryata. Maribel ta sunkuyar da kai. Ya kalli Crispín, Crispín yana nazarin takalminsa. Doña Chayo ma ta sani, mai sayar da gwaiba a kasuwa. Duk wanda ke tsakar gidan nan ya san abin da ke cikin kofin matarsa, ban da shi.

"Shekara talatin da huɗu," ya ce, kuma wannan karon muryar ba ta madubi ba ce. "Ba ta taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambayarta?" in ji Cuca. Ta ɗauki kofin ta sake kurɓa, ta yamutsa fuska, idonta ya kawo ruwa. "Amma ba ka yi ƙarya duka ba. Ita ce ta tafi da ɗanɗanon. Sai dai ba jiya ba ne, tun watan Maris ne."