Horon da Ba Ya Barin Tabo

Ni ɗan Badarawa ne, ɗan manomi. Kafin a kai ni makarantar kwana ta kuɗi a Kaura Namoda ban taɓa marin kowa ba. Na shiga boko da girmana, na fi 'yan ajinmu shekaru da jiki, amma hakan bai hana ni shan wuya ba.

A ɗakin kwananmu akwai wani siniya, Bala, mutumin Zurmi. Ya fara da cinye ƙuli-ƙulin da innata ta ɗauro mini. Daga nan wankinsa ya dawo kaina. Daga nan ya sa ni tsallen kwaɗo har na yi fitsari a wando gaban yara. Na kai ƙara wurin Malam Garba, mai kula da ɗakunan kwana. Dariya ya yi, ya ce, "Kai ma wata rana siniya za ka zama, sai ka rama." Na riƙe maganar nan.

Lalacewata bi da bi ta zo. Na fara da ƙwace sabulun ƙananan yara, sai sukari da madara, sai duka. Da aka naɗa mu firfet, wato shugabannin ɗalibai, Malam Garba ya tara mu ya ba mu ƙa'ida ɗaya: "Ku hore su yadda kunka ga dama, amma kar in ga tabo. Tabo shi ka kawo uwaye." Sai muka ajiye bulala, muka koma ɗaga bokiti cike da ruwa da tsayar da yaro cikin ruwan sama.

Ranar karɓar sababbi ina bakin ƙofa ina shigar da akwatuna, wani dattijo, Alhaji Ɗahiru, ya zo da ɗansa, yaro siriri mai suna Lawali. A gabana ya ce wa Malam Garba, "Malam, yaron ga sikila gare shi, sanyi da wahala ba ya so. Amana ce na ba ka." Malam Garba ya ce, "Haba Alhaji, ai ɗana ne." Da na bincika, ashe ƙanin Bala ne. Bala ya gama ya tafi, ga ƙaninsa a hannuna.

Wata la'asar da damina aka tsuge da ruwa. Na fitar da Lawali tsakar fili, na ɗora masa bokiti a ka. Yana rawar sanyi ya ce, "Don Allah Siniya, ƙasusuwana." Na ce, "Yayanka ya san don Allah sa'ad da nike roƙo nai?" Malam Garba ya wuce da lema, ya gan mu, bai tsaya ba.

Ciwon sikilar Lawali ya tashi. Don kada labari ya fita, makaranta ta ajiye yaron a ɗaki tana ba shi maganin ciwon kai, ba ta sanar da gida ba. Kafin a kai shi asibiti ƙashin ƙugunsa ya lalace. 'Yan sanda suka zo. Shugaban makaranta ya ce su sun hana horo. Malam Garba ya rantse bai ga komai ba. Masu makarantar suka tura dattawa Zurmi a ce wa Alhaji ƙaddara ce, ya haƙura. Ni da na wuce shekarun yara aka ɗaure ni ni kaɗai.

A gidan yari na tuba da abin da na yi wa Lawali. Amma kullum ina saƙa abin da zan yi wa Malam Garba in na fita.

Bayan an sake ni, Alhaji Ɗahiru ya same ni a gona. Ya ce, "Ban zo don na yafe maka ba. Lauya ya ce wanda ya karɓi ɗan mutane shi ke da alhakin tsaronsa. Na kai makarantar ƙara, sun musanta na faɗa musu ciwon. Kana wurin. Za ka faɗa?" Na ce, "Baba, ko da rarrafe zan je."

A kotu lauyan makaranta ya ce, "Ba kai ne tsohon fursuna ba?" Na ce, "Ni ne. Ga wanda ya koya mini aikin can zaune." Na faɗi komai daki-daki ina kallon Malam Garba, shi yana kallon ƙasa. Alƙali ya ɗora wa makarantar nauyin maganin Lawali da diyya, aka kori Malam Garba. Ban ji tausayinsa ba, har yau ban yafe masa ba.

A waje na ga Lawali yana dogara sanda. Na yi masa sallama, ya kau da kai. Ban ga laifinsa ba.

Samari, ku saurara. In an cuce ku, kada ku ajiye ta don wanda ke ƙasa da ku. Ku faɗa wa iyayenku tun ranar, ko babu tabo. Iyaye, in dattawan makaranta suka zo da maganar ƙaddara, ku tarbe su da mutunci, sannan ku nemi lauya. Kai kuma da aka naɗa firfet, malamin da ya ba ka izinin horo ba zai raka ka gidan yari ba. Ni na je, na duba, ban gan shi ba.