Ranar da Mama Rifkatu Ta Zo Buɗe Coci

Takardar da 'yan'uwa na ƙetaren teku suka rubuta a kan Mama Rifkatu ba gaskiya ba ce. An juya mana ita da Hausa, an karanta a coci nan Diffa, mutane suna ta share hawaye. Wai ta ƙi gudu. Wai ta tsaya a ƙofar ɗakin Ubangiji ta zaɓi mutuwa da kanta. Ni ina wurin. Ba ta zaɓi komi ba. Tsohuwa ce mai son ranta, mai son ƙosai da zafinsa, mai tsoron ko ƙarar tayar da ta fashe. Na koyi rubutu ina da shekara arba'in da ɗaya, kuma yatsuna suna ciwo idan na daɗe riƙe da biro. Amma zan rubuta wannan har ƙarshe, a juya musu da harshensu yadda aka juya mana nasu.

Sunana Talatu. Ƙauyenmu yana bakin Komadugu, gabas da Diffa, kafin a kai Geskeru. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu masu bin Almasihu gida goma sha ɗaya ne a tsakiyar musulmi, kuma noman tattasai ne ya tara mu duka a nan. Cocinmu ɗaki guda ne na laka mai rufin kwano. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar babbar mota ne, rataye a jikin itacen dogon yaro da ke gaban ƙofa.

'Yan'uwan ƙetare ne suka aiko mana Sista Marta. Shekara shida ta yi da mu. Da safe tana duba masu ciki tana wanke miki, musulmi da kirista layi ɗaya. Da yamma tana koya mana baƙaƙe, mu manyan mata, a kan tabarma. Da hanya ta lalace saboda masu bindiga, waɗanda suka aiko ta suka kira ta Yamai. Ban ji haushin tafiyarta ba, har yau. Kafin ta tafi ta zauna da zumuntar mata muka yi shiri biyu.

Na farko, kowace mace mai ƙarfi aka ba ta tsoho ko tsohuwa guda. Ranar gudu ba ruwanki da tukunya, ba ruwanki da akuya. Ki je kai tsaye ki ɗauki naki. Sista ta rubuta sunayen biyu-biyu a takarda. Na biyu, ƙarfe. Idan an buga ɗaiɗai, ana numfasawa a tsakani, a zo sujada kamar kullum. Idan an buga babu tsayawa, a gudu zuwa kwalta.

Ni aka ba Mama Rifkatu. Gwauruwa ce, ƙafarta ɗaya ba ta da kirki, kunnenta ya yi nauyi ƙwarai. Mabuɗin coci a wuyanta yake, a jikin igiya, tun kafin in zo garin. Da zarar ta ji ƙarfe sai ta tashi, don ba ta yarda mutane su tsaya a rana suna jiranta. Ranar da aka yi shirin tana zaune a cikinmu. Aka tambaye ta ko ta gane, ta gyaɗa kai. Babu wadda ta sake tambaya.

Ranar Asabar ce, lokacin tsinkar tattasai, kogi ya ja baya har ana ƙetare shi da ƙafa. Ƙarfe shida da rabi na kai mata kunu a gidanta da ke gefen arewa.

"Raƙumata ta iso," in ji ta. Haka take kirana tun da aka ce ni zan goya ta. "Yau ma babu sirdi?"

"Mama, ki rage ƙosan nan. Bayana guda ne."

"Me kika ce?"

"Na ce ki sha da zafinsa."

"Ƙarya kike, 'yar nan. Ba haka bakinki ya motsa ba."

Muka yi dariya. Na gyara mata mayafi saboda sanyi, na fito.

Asabar ranar gayya ce a gonar coci, wadda ake ciyar da gwauraye da marasa lafiya da amfaninta. Ƙarfe bakwai mutane suka gangara bakin kogi: mijina Bulus, da Fasto, da Dattijo Ishaya mai buga ƙarfe, da sauran. Ni aka bari a bakin coci in dafa musu shinkafa da wake. Na haɗa murhu a gindin dogon yaron. Daga nan ina jin injin ban ruwa yana tuf-tuf-tuf a gona.

Ƙarfe takwas da minti goma karnuka suka fara haushi a gabas, wajen mashigar kogi. Sai harbi ɗaya. Sai biyu. Sai ya zubo kamar ana toya gugguru. Wani mutum ya wuce ni da gudu babu hula.

"Sun ƙetaro! Yaran sun shigo!"

Yaran, haka muke kiran masu bindigar. Na san aikina. In tafi wajen Mama. Amma injin bai daina kuka ba, kuma na san wanda ke tsaye kusa da shi ba ya jin ko kiran sunansa. Gonar tana daf da hanyar da masu bindiga za su bi. Mai buga ƙarfe yana can cikinsu. Ƙarfen kuwa taku uku ne daga inda nake.

Na ɗauki sandar ƙarfen na buga. Babu tsayawa, yadda aka ce. Hannuna ya mutu, na koma ɗayan. Ƙarar ta cika mini kai har na daina jin bindiga. Na ci gaba da bugu har na ji injin ya yi shiru. Na jefar da sandar. Salulata ta nuna takwas da ashirin.

Na bi babbar hanya da gudu. Mutane suna ta zubowa ta ko'ina, wata da jariri a hannu ɗaya da buta a ɗayan. Na tura ƙyauren gidan Mama. Kunu rabi a kwano. Tabarma da ɗuminta. Sandarta ba ta nan. Takalminta ba ya nan.

Maƙwabciyarta Ya Falmata tana ƙofar gidansu tana jan surukarta tsohuwa.

"Ta fita!" ta ce da ƙarfi. "Ta ce an buga ƙarfe, mutane za su jira ta! Ta bi lungu!"

Nan na gane. Kunnen da ba ya raba magana da magana, mu muka ce ya raba bugu da bugu. Ita ƙarfe kawai ta ji. Kuma ƙarfe, a duk shekarun da ta yi a garin, abu ɗaya yake nufi. Ni na bi babbar hanya, ita ta bi lungun bayan filin shanya don ya fi kusa. Mun saɓa.

"Kada ki koma!" in ji Ya Falmata.

Na koma.

Lungun yana bi ta filin da ake shanya tattasai. Ƙasa ja wur. A ƙarshen filin sun riga sun cinna wa buhunan wuta. Wanda bai taɓa shaƙar hayaƙin tattasai ba, ba zai gane ba. Yana shiga ido kamar allura, yana kama maƙogwaro. Na tura bakin zanena a baki, don na san tari ɗaya ya isa a ji ni. Na sunkuya na bi jikin katanga. Harbi ya matso. Ana dukan ƙofofin kwano. Wani yana ihu da Barbarci, wani yana amsawa da Hausa.

"Fito da su! Fito da su waje!"

Na kai kusurwar shagon wani Alhaji ɗan Damagaram. Daga nan zuwa coci taku arba'in ne, ko ƙasa da haka. Na leƙa.

Tana nan. Ta ɗaura farin ɗankwalinta na zumunta. Ta jingina sandarta da bango. Ta sunkuya a kan kwaɗon ƙofa tana fama da shi. Kwaɗon nan dama yana cijewa, sai an ɗaga ƙofar kaɗan, kuma ita kaɗai ta iya shi. Bayanta ne a wajen hanya. A gefenta tukunyata tana ta tafasa.

Na ɗaga ƙafa zan fita. Sai mutum biyu suka ɓullo ta gabas, fuska a naɗe. Na koma baya.

"Ke!"

Ba ta juyo ba.

"Ke tsohuwa! Juyo!"

Ba ta juyo ba. Ba ta ji ba. Na ga kafaɗarta tana ɗaga ƙofar.

Ban yi ihu ba. Ko na yi ba za ta ji ni ba, su za su ji. Na san haka a lokacin, kuma ban ɓoye wa kowa ba cewa tsoro ma yana ciki.

Harbi ɗaya. Ta zame a jikin ƙofar ta zauna, sannan ta kwanta ta gefe. Ɗayansu ya harbi tukunyar da ƙafa. Suka wuce.

Na tsaya ina kallonta ko za ta motsa. Na ƙirga har ɗari. Ba ta motsa ba. Wasu muryoyin suna tahowa. Na juya da rarrafe, gwiwata a kan tattasai, na fita ta bayan gari.

Ƙarfe tara na cim ma Ya Falmata a cikin rairayi. Surukarta ta zauna ta ce ba za ta ƙara taku ba, a bar ta. Ya Falmata ta dube ni, ta dubi bayana. Na durƙusa. Ta ɗora mini tsohuwar, ta ɗaure mu da mayafinta. Ba ta da nauyi. Tana ta salati a kunnena, numfashinta yana warin goro.

Muka yi ta tafiya. Ƙaya ta shiga ƙafata, ban tsaya cirewa ba. Bayanmu hayaƙi iri biyu, baƙi da ja-ja. Ƙarfe sha ɗaya muka taka kwalta. Motocin soja suna wucewa gabas da gudu.

"Ku sauka daga hanya! Gefe! Gefe!"

A shingen soja na farko aka tsai da mu cikin rana.

"Maza ku ɗaga riga! Mata ku ajiye kaya! Ɗaya-ɗaya!"

Ba mu da kayan ajiyewa. Na juya musu bayana suka ga abin da na goyo.

Ƙarfe ɗaya muka iso Asaga, inda waɗanda suka riga mu gudu suke zaune a bukkokin zana a bakin hanya. Matan wurin suka fito da ruwa a bido, jarkokin roba, ba tare da an roƙe su ba. Sun san irin wannan isowar. A nan na ga Bulus a gindin wata ƙaya, wandonsa jiƙe da laka har ƙugu. Ya ce Dattijo Ishaya ne ya fara jin ƙarfen, ya kashe injin, suka bi ta cikin ciyawar bakin kogi. Ya leƙa fuskar tsohuwar da ke bayana. Ya ga ba ita ba ce. Ya karɓe ta ya goya.

Wata motar albasa ta kwashi tsofaffi da masu jarirai. Mu muka taka. La'asar sakaliya muka shiga Diffa. Ya Falmata ta nufi gidan ƙanenta. Mu 'yan'uwa na cocin gari suka buɗe mana harabarsu, suka shimfiɗa tabarmi, matansu suka ɗora tukwane.

Kafin rana ta faɗi matar Fasto ta fito da takardar Sista Marta daga cikin rigarta. Tana kiran sunan mace, macen tana nuna nata. Hannatu, ga Baba Yohanna. Ladi, ga Mama Saratu. Tsofaffi takwas ne a takardar. Bakwai suna zaune a kan tabarma suna shan ruwa.

"Talatu?"

Na ce, "Babu."

Fasto ya matso ya tambaye ni a hankali. Na ce, "A ƙofar coci. Sun kira ta, ba ta juyo ba." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan a ranar. Shi ya faɗa wa Sista Marta ta waya, ita ta faɗa wa mutanenta, kowa da kyakkyawar zuciya. Haka maganar ta yi ta girma a hanya har ta ƙetare teku. Ban tuhumi kowa da mugunta ba. Amma sun ɗauke mata kurumtarta sun ba ta jaruntar da ba ta nema ba, ni kuma sun wanke mini hannu ban roƙe su ba.

Da Fasto ya kira ta, Sista ta ce a ba ni wayar. Tana kuka, Hausarta duk ta tsinke. Ta ce ita ta kawo shawarar bugu biyu. Na ce mu goma sha huɗu muke zaune muka yarda, kuma hannun da ya buga nawa ne. Haka muka riƙe wayar har ta yanke.

Mutum ashirin da ɗaya suka fito daga gonar da ransu. An faɗa mini wannan sau da yawa a yammacin, ana dafa kafaɗata. Na sani. Mijina yana cikinsu. Da za a mai da ni gindin itacen nan, zan sake ɗaukar sandar. Amma ba ashirin da ɗaya aka rubuta a gefen sunana ba. Mutum ɗaya aka rubuta.

Mama tana da 'ya guda, Na'omi, tana aure a Shetimari, suna noman rani. Fasto ya ce zai kira ta. Na ce kada ya kira. Ya ce hanya ba ta da tabbas, ƙafata kuma ta kumbura. Na ce ni aka ba uwarta, ba waya ba.

Washegari ƙarfe shida na cire ƙayar da allura. Na ari takalmi wajen matar Fasto. Na tafi tasha na shiga motar Shetimari ta farko, na zauna a bakin taga. Wata mata a gefena ta tambaye ni ko biki za ni. Na ce a'a, saƙo zan kai.