Dajin da Ke da Mai Shi

Juma'a: Greensboro zuwa Boone

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar gidanmu da ke bayan Gate City Boulevard, a motar haya mai gado biyu da murhu da banɗaki a cikinta, dala ɗari da tamanin kowace rana. Mu huɗu ne: maigidana Baban Amira a sitiyari, ni da jaririyarmu, sai mahaifiyata da ta zo mini wankan jego daga Kano, wata biyar ke nan.

Don ita aka shirya tafiyar. So nake ta yarda mu nema mata ƙarin izinin zama a Amurka, ita kuwa ta ce ta gaji da ƙasar da ba a taka ƙasa, daga kafet sai kwalta. Na ce, "Mama, bari dai ki ga dajinsu da duwatsunsu tukuna."

Mako biyu ina bin Baban Amira ya kama mana wuri a sansanin masu kwanan daji. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Rabi, daji ba shi da ƙyaure. Wa ya taɓa yin booking ɗin daji?" Mai digiri uku ke nan fa.

Shida da kwata muka wuce Winston-Salem. A Wilkesboro muka sha mai na dala saba'in, takwas da rabi muna Boone, mil ɗari da 'yan kai. A sansanin farko matar da ke ƙofa ta ce lokacin da ganyen itatuwa ke yin ja ne, jama'a na tururuwar zuwa kallo, tun bazara aka kame wuraren. Na biyu ma haka. A na uku ko tagar mota bai sauke ba, allon ya karanta ya juya. Tun la'asar muka yada zango a filin ajiye motoci na wani babban kanti, Mama na kallon kekunan sayayya ta taga. Raina ya ɓaci har tuwon da na ɗumama na kasa ci.

Asabar: bayan gari

Ƙarfe ɗaya na rana, mil goma sha biyu daga Boone, muka bi wata hanyar burji. Sai ga fili kore shar da rafi a gefensa, da wani gida can nesa. A jikin bishiya akwai allo mai hana shiga. Na karanta shi sarai, na yi shiru, don a ranar na fara ganin murmushin Mama.

Ta dubi Baban Amira ta ce, "Kabiru, je ka yi sallama a gidan can, ka ce baƙi ne."

Ya ce, "Mama, nan ba a yin haka. Ten minutes ne kawai."

Ta cire takalmi ta taka ciyawa, ta yi alwala a rafin, ta tayar da azahar. Tana raka'a ta biyu wata a-kori-kura ta taho da gudu. Wani dattijon Bature ya diro da karensa, bindiga rataye a bayan kujerarsa. Ya tsaya dab da sallayarta yana zazzaga masifa. Baban Amira sai haƙuri yake bayarwa kamar an kama shi da kazar mutane. Mama ba ta rage ko tasbihi ɗaya ba.

Da ta sallame ta dube shi ta ce, "Sannu, mai gida." Ya ɗaga yatsu biyar, alamar minti biyar ya ba mu, ya nuna hanya.

Mama ta tambaya, "Me ya ce?"

Baban Amira ya ce, "Sannu da zuwa yake mana."

Ta naɗe sallayarta. "Kabiru, na san sannu in na ji ta, ko da wane yare ce."

Komawa gida

Saura kwana ɗaya a hayar, na ce a juya. Har Greensboro ina jin haushin Baban Amira, amma haushin kaina ya fi nasa, tunda na ga allon da idona. Shida saura kwata muka tsaya a ƙofar gida. Mun gode wa Allah da ya maido mu ba wanda ya ji ciwo.

Ina sauke kaya Mama ta kira ni. "Rabi, a garinmu ko gonar maƙiyinka ka shiga, sai ka sallame yake tambayarka. Ki duba mini ranar tikitina."

Na duba mata. Ban sake roƙonta ba.