Igiyar Kawu da Injin Girgiza

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina makaniki, da ɗan injin girgiza a bayan mota. Wani ƙauye kusa da Makoda muka nufa, wurin kawuna mai kula da rumbun ƙarfe na ƙungiyar manomansu. Dusar masarar da ke ciki kan dunƙule ta ƙi saukowa, shi kuma sai ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga da sanda yana zungura. Dattijo da furfurarsa! In ta rufta masa fa? Abin ya daɗe yana ci min rai.

Hanya sumul har muka sauka daga kwalta, daga nan kuma mu muka fara shan girgizar. Dawa ta nuna dama da hagu. A tasha muka ci waina, ta yi tsada ta kuma ƙanƙance, amma miyar ta biya mu.

Mun tarar da gindin rumbun duk ya lotse, don da taɓarya suke dukansa. Abokina ya ɗaure injin a jikin rumbun don ya riƙa girgizo dusar, muka tafi sallar azahar. Ashe ɗoki ya hana Kawu haƙuri, ya kunna shi bakin rumbu na rufe, wai ya fara aiki kafin mu dawo. Aka buɗe, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Sai na ga ya nufi igiyarsa.

Abokina ya ce, "Baba, in mai saye ya girgiza kwanon awo, me hatsi ke yi?"

Kawu ya ce, "Af! Kwanciya yake, ya danne."

Aka zungura ta ƙasa da dogon rodi, aka bar bakin a buɗe, sannan aka kunna. Jama'a, sai ga dusa shaa! Ta yi min wanka daga hula har takalmi, ina tsalle ina kabbara ban ko kakkaɓe ba.

Mun iso gida da magariba. Na koyi cewa sai an buɗe hanya girgiza ke da amfani. Tsarabata kuwa igiyar nan ce. Kawu da hannunsa ya jefa ta a mota, ya ce in kai gida a yi shanya.